Na Kai Matattun Fara Kwatano a Cikin Kula

Tun da na dawo daga Kwatano ban huta da tambaya ba. A buro, wato ofishinmu, a tambaye ni, a gidan suna a tambaye ni, har mai kawo mini nono ta ajiye ƙwaryarta tana son ta ji ko da gaske ne an aike ni bakin teku da matattun fara. Da gaske ne. Na gaji da yanka labarin guntu-guntu, wannan ya ji kai wancan ya ji wutsiya, shi ya sa na zauna na rubuta shi gaba ɗaya. Wanda ya sake tambayata sai in miƙa masa takarda.

Ga wanda bai san ni ba, sunana Hadiza, a gida Dije ake ce mini. Ina aiki a buron kare amfanin gona na Ƙonni. Aikina in bi ƙauyuka in duba inda fara ta sauka, in rubuta, in nuna wa manoma yadda ake feshi. Damina uku a jere fara tana cin geronmu tun bai yi ƙwari ba. Maganin da muke fesawa yana kashe ta, amma yana haɗawa da kaji da zabi in sun tsinci gawar, masu feshin kuma su koma gida da jiri da amai. Na kai lokacin da in na shiga ƙauye da kayan feshi, mata kora kajinsu ɗaki suke yi kafin su amsa gaisuwata.

A ƙarshen daminar da ta wuce, a wani ƙauye ta wajen Alela, wani makiyayi mai suna Malam Buba ya kira ni gindin wata sabara a bakin fadama. Fara ce a mace, ta kai ashirin, alhali ba wanda ya taɓa feshi a wurin. Jikinsu ya rufe da wani koren gari kamar funfunar da ke fitowa a kan tuwon da aka manta da shi.

"Malama, wagga ba magani yak kashe ta ba," in ji shi. "Ciwo na. Awa yadda shanu ka kamuwa."

Na tsince su da tsinke, na raba su cikin ambulan biyu. Da na ajiye su a kan teburin shugabanmu, Mushe Sanda, wato Malam Sanda da bakin Faransanci, mutumin da ko gobara ba ta sa shi sauri, sai na ga ya miƙe tsaye. Ya ce akwai wani ɗakin bincike a Kwatano da ya daɗe yana cigiyar irin wannan funfunar. Fara kaɗai take kamawa, ba ruwanta da kaza ko mutum. Noma ta suke yi a cikin ɗaki kamar yadda ake noma hatsi, sannan a fesa. Ya tafi gidan waya ya kira su, ya dawo yana share gumi.

"Sun ce a kawo maza, kuma wanda yak kawo shi zamna sati ukku shi koyi ƙirga ta. Ke kinka tsinto, ke za ki kai." Ya ɗaga yatsu biyu. "Abu biyu ka kashe ta, Hadiza. Zahi da ruwa. In ta mutu bisa hanya, ƙura kawai kinka kai musu."

Ran nan na koma gida na fara shirin tafiya.

Motar buro tana gareji tun watan azumi. Maigidana ya ce ya yarda in tafi, amma ba ni kaɗai ba. Aka yi sa'a Kawu Garba, ƙanen mahaifiyata, zai yi lodin albasa a Galmi zuwa Kwatano. Na bar ɗiyata wurin Inna. Na sa ambulan biyun cikin gwangwanin madara, na naɗe da leda, na sa a cikin kula, na kewaye da ƙanƙara. Da Kawu ya tsaya a tashar Ƙonni ya ga ina rungume da kula kamar mai jego, sai ya leƙo ta taga.

"Mi ad ciki, ɗiyata? Nama?"

"Fara ce, Kawu. Matacciya."

Ya daɗe yana kallona. "Shekara talatin ina tuƙi. Na ɗauki raƙumi, na ɗauki gawa, na ɗauki amarya. Hau."

Wanda bai taɓa zama a gaban babbar mota ba bai san zafin da inji ke hurowa daga ƙasa ba. Kafin Dogon Dutsi na ɗauke kular daga ƙasa na ɗora a cinya. Kafin Dosso na fara jin ruwa yana ƙugi a ciki duk lokacin da muka faɗa rami. Na roƙi Kawu ya tsaya. Ya tsaya, na zubar da ruwan, muka zaga kasuwar Dosso muna neman ƙanƙara, ni da Zabarmancina da bai wuce gaisuwa ba. Wata mai sayar da ruwan sanyi ta ba ni ƙulli huɗu, ta tambaye ni ko maganin mara lafiya na ɗauko. Na ce mata e. Ban ga na yi ƙarya ba.

A Gaya muka kwana, gidan wani abokin Kawu. Matarsa ta ba ni tabarma a ɗakinta, ta kawo shinkafa da kifin kogi mai yawan da a Ƙonni sai gidan biki. Na ci kaɗan. Hankalina yana kan randar da na jingina kular a bayanta.

Washegari muka isa gadar Kwara, inda iyaka take. Ba zan faɗi a wane gefen gadar abin ya faru ba, don har gobe Kawu yana bin hanyar. Wani ma'aikaci ya ce in buɗe kula. Na buɗe. Ya ce in buɗe gwangwani. Na buɗe, na nuna masa takardar aikena mai hatimin buro. Ya karanta har ƙasa, ya juya bayanta, sannan ya ce cikin ladabi, da Faransanci:

"Madam, takardarki ta ce ke ma'aikaciya ce. Ba ta ce ƙwari su ƙetare iyaka ba. Sai mai duba tsirrai ya sa hannu."

"Ina yake?"

"Ya tafi jana'iza. Zai dawo."

Ya ɗauki kular ya ajiye a kan wani tebur a barandar kwano, ya ce doka ba ta yarda in taɓa ta ba sai an sa hannu. Lokacin hantsi ne. Ina zaune a kan benci ina kallon inuwa tana janyewa daga teburin a hankali, har rana ta hau murfin. Na tashi na roƙe shi ya bari in matsar da ita. Ya ce shi bai hana inuwa ba, taɓawa ya hana. Sai na cire mayafina na ware shi, na tsaya tsakanin kular da rana. Haka na tsaya, hannuwa a sama, direbobi suna wucewa suna kallona. Wani ya tambayi Kawu ko lafiyata ƙalau. Kawu ya ce, "Lahiya lau take, boko na." Amma da hannuwana suka gaji, shi ne ya zo ya karɓi mayafin, dattijo da furfurarsa, ya tsaya yana yi wa matattun fara inuwa.

Mai duba tsirrai bai dawo ba sai bayan la'asar. Mutumin kirki ne, har haƙuri ya ba ni, ya sa hannu cikin minti biyu. Da na buɗe kular babu sauran ƙanƙara ko ɗaya, ruwan ma ɗumi ya yi. Murfin gwangwanin kuma, da aka buɗe da safe, ban mayar da shi daidai ba. Ambulan ɗaya ya jiƙe sharkaf. Ɗayan gefensa kawai ya taɓa ruwa. Laifin rana na mutanen iyaka ne, amma laifin murfi nawa ne, kuma na san haka. Ban gaya wa Kawu ba. Na goge gwangwanin, na raba ambulan biyun, mai ɗan dama-daman na sa shi cikin littafina.

Daga nan ƙasa ta fara canzawa. Itatuwa suka yi tsawo, gero ya ɓace, sai auduga da doya. A Kandi na ci wani cuku na Fulanin can da suke kira wagashi, ja a waje fari a ciki, ana soya shi a sa a miya kamar nama. Na yi mamaki, ga mu da shanu amma ba mu taɓa tunanin soya cuku ba. Kusa da Paraku wani ƙarfe ya karye a ƙarƙashin motar, makaniki ya ce sai kwana uku. Na ce wa Kawu ba zan iya kwana uku ba. Ya tuna alƙawarin da ya yi wa maigidana cewa ba zai bar ni ni kaɗai ba. Sannan ya kai ni tashar jirgin ƙasa, ya bi layin fasinja yana sauraron bakin mutane har ya ji Hausa. Wata dattijuwa ce mai fataucin atamfa, Hajiya Ladi, iyayenta mutanen Sakkwato ne amma a zangon Kwatano aka haife ta.

"Hajiya, ga amana," in ji Kawu. "Ɗiyar yayata ta. Ba ta san kowa ba can."

"Ta san ni," in ji Hajiya. "Zo nan, ɗiyata, riƙe mini wannan ƙunshin."

Ban taɓa shiga jirgin ƙasa ba sai ran nan. Yini guda muka yi, yana tsayawa a kowane gari, mata suna miƙo abarba da dafaffiyar masara ta taga. Hajiya ba ta bar bakina ya huta ba, ko da ci ko da amsa tambaya. Da na ba ta labarin abin da ke cikin littafina, ta ce ita dai a saninta funfuna ba ta mutuwa, don shekara arba'in tana yaƙi da ita a ɗakin atamfarta ba ta ci nasara ba. Na yi dariya, karo na farko tun Ƙonni.

Da muka sauka na gane abin da take nufi. Iskar Kwatano jiƙaƙƙiya ce, kamar an rufa maka wankin da bai bushe ba. Ka shanya zane da safe, da yamma yana nan yadda yake. Hajiya ta sauke ni a gidanta, ɗaki ɗaya da jikokinta mata. A zango sai ka rantse kana gida: ga kiran salla, ga mai tsire, ga koko da ƙosai. Amma ka fita titi biyu, ka shiga wata duniya. Masu kabu-kabu sun fi ƙudaje yawa, duka da riga ruwan ɗorawa, zemijan ake ce musu. Mata suna tuƙa babur da kansu, da jariri a goye da kwando a ka. Gaisuwarsu kuma gajeriya ce ƙwarai. Ni da na saba in tambayi gida da gajiya da yara da dabbobi, sai in ga kafin in kai ga gajiya mutum ya yi nisa. Abinci kuwa, akasa ce safe da yamma, wani farin tuwon masara mai tsami a naɗe cikin ganye, da miyar manja. Ran da aka sa mini ƙaguwa a kwano da ƙafafunta duka, na ce na ƙoshi. Teku na gan ta sau ɗaya, ban matsa kusa ba. Ruwan da ba a ganin ƙarshensa kuma ba ya zama wuri ɗaya, ban ga abin sha'awa a ciki ba.

Wadda aka haɗa ni da ita a ɗakin binciken sunanta Madam Selestin, gajeriyar mace mai tabarau, ba ta da yawan magana. Na miƙa mata ambulan biyun, na gaya mata duk abin da ya faru, har da murfin. Ta buɗe jiƙaƙƙen. Baƙar funfuna ta cinye shi, irin ta bango, har wari yake. Ta jefa shi cikin wani bokiti mai murfi. Ta buɗe na biyu, ta daɗe tana dubawa. Fara tara ce a ciki, korensu yana nan.

"Tana da rai?" na tambaya.

"Ban sani ba. Ido ba ya faɗa." Ta kankare garin cikin wata ƴar kwalba, ta sa a firji. "A nan ba za ta ƙara lalacewa ba. Ki koyi ƙirga tukuna. In kin iya, ke za ki ƙirga taki."

Sati guda ke nan ina wucewa ta gaban firjin nan safe da yamma.

Ɗakin yana da nasa al'adun. Ba a shiga da takalmin waje. Ba a magana in an buɗe faranti, don numfashi ma yana ɗauke da ƙwayoyi. Kuma kafin ka taɓa komai sai ka shafe hannu da barasa. Wannan ya dame ni, har na tambayi limamin zango. Ya ce ai ba sha nake yi ba, in wanke hannu in yi alwalata.

Ga yadda ƙirgar take, don ita aka fi tambayata. Garin nan kore da ake gani, ƙwayoyi ne ƙanana, kowace ɗaya kamar irin shuka. Ana ɗiban kaɗan a zuba a ruwan da aka auna, a sa ɗigon wani abu mai kama da sabulu don kada su dunƙule, a girgiza sosai. Sai a ɗiga a kan wani gilashi mai kauri, faɗinsa yatsu biyu. Da ido ba ka ganin komai a kansa. Amma in ka sa shi a ƙarƙashin madubin da ke girmama ƙananan abubuwa, mikoroskob, sai ka ga an zana masa gidaje kamar na dara, ƙwayoyin suna zaune a ciki. Gida biyar ake ƙirgawa, na kusurwa huɗu da na tsakiya. Wadda ta hau layin sama ko na hagu ta gidan ce, wadda ta hau na ƙasa ko na dama ta maƙwabci ce. A hannunka akwai wani ɗan ƙarfe da kake dannawa, ƙas, ƙas, yana riƙe maka adadi. Daga nan sai lissafi ya gaya maka ƙwaya nawa ke cikin kowane ɗigo.

Kwana biyun farko gashin idona kawai nake gani. Na uku na ƙirga kumfa a matsayin ƙwaya. Madam takan ƙirga bayana, in adadinmu ya yi nisa da juna sai ta ce, "Sake," ta koma aikinta. Na ji kalmar nan har na fara jin ta a cikin salla.

Amma wannan ƙirgar rabin aiki ce, domin a kan gilashin matacciya da rayayya kamarsu ɗaya. Don a raba su, sai a shafa ɗigon a kan wani faranti mai abinci daskararre kamar kamun da ya kwanta, a rufe, a bar shi kwana ɗaya. Mai rai za ta fito da ɗan tsiro kamar wutsiya. Matacciya tana nan yadda take. A ƙirga ɗari uku, a ga nawa suka tsira. Da ta gama bayani na ce mata ai haka mahaifina yake gwada irin gero, ya naɗe shi a jiƙaƙƙen tsumma ya ga nawa za su fito kafin ya yarda ya shuka. Ta cire tabarau ta dube ni.

"To, mahaifinki ya riga ya koya miki. Saura ki daina tsoron madubin."

Ran kwana na takwas ta fito da ƴar kwalbata. Ni na auna, ni na girgiza, ni na shafa a faranti uku. Washegari da safe aka kira ta taro. Ta ajiye mini babban littafin da ake rubuta sakamako, ta ce in ƙirga in rubuta, za ta dawo bayan azahar.

Na sa faranti na farko. Na juya madubin har ya fito sarai. Ƙwayoyi ne birjik, sumul-sumul, ba wutsiya. Na matsa gefe. Haka. Na ƙara matsawa, sai ga ɗaya da ɗan tsironta, ita kaɗai kamar wadda ta ɓace a kasuwa. Da na cika ɗari uku, masu rai goma sha tara ne. Faranti na biyu ashirin da biyu. Na uku ban ma so in duba ba, amma na duba, bai fi su ba.

Na zauna na rasa inda zan sa kaina. Na tuna Mushe Sanda da yatsunsa biyu. Na tuna cewa duk buronmu ba a taɓa aiken mace waje ba sai ni, kuma na san bakin da za a yi in na koma da labarin murfi. Littafin yana buɗe a gabana, alƙalami a hannuna. A shafukan baya duk adadin da ke ciki manya ne, ɗari biyu da wani abu. In na rubuta goma sha tara, sifili ɗaya kawai zan ƙara a bayansa ya zama ɗari da casa'in. Ba kowa a ɗakin. Tsiron kuma ba ya tsayawa, kafin yamma zai yi tsawo ya sarƙe farantin, mai sake ƙirgawa sai ya sha wuya. Ba zan ɓoye muku ba, na daɗe ina kallon wurin da sifilin zai zauna.

Na ajiye alƙalamin na fita na yi alwala. Bayan na idar da azahar a bayan ɗakin, inda na saba shimfiɗa mayafina, na dawo na rubuta abin da na gani.

Madam ta dawo, ta duba littafin, ta duba farantin da kanta. Na ce, "Madam, na kashe ta."

"Kin kashe da yawa," in ji ta. "Ba duka ba." Ta jawo kujera ta zauna kusa da ni, abin da ba ta taɓa yi ba. "Ƙanwata, kin san me muke yi da wannan adadin? Da shi muke auna abin da za mu ba fara a keji. Da an rubuta mini babban adadi alhali masu ran kaɗan ne, da na tsarma garin nan da ruwa mai yawa, in shafa wa fara, su ci gaba da cin ganyensu lafiya lau. Sai in rubuta cewa funfunar Ƙonni ba ta da ƙarfi, in zubar da sauran. An taɓa yi mini haka a ɗakin nan. Wata shida muka yi muna zargin funfuna, ashe alƙalami ne."

Ban sani ba ko ta ga wani abu a fuskata.

"Yanzu da na san kaɗan ne, ba gwaji za mu yi ba. Reno za mu yi. Wanke hannunki."

Ta ɗauko wata allura siririya, ta gasa bakinta a wuta, ta nuna mini yadda ake yanko ƙwaya mai tsiro ita kaɗai, da ɗan abincin da take kai, a mayar da ita sabon faranti. Ta yi shida, ta ba ni na yi huɗu, biyu daga ciki na ɓata. Muka rufe, muka rubuta suna a gefe. Da ta tambaye ni sunan da za a sa, na ce a sa Alela.

Kwana goma na yi ina leƙen farantan nan. Da farko wani farin gashi ya fito kamar auduga. Uku suka kamu da baƙar funfuna aka zubar. Hajiya Ladi kullum in na dawo sai ta tambaye ni, "Yaya masu jiki?" Ran kwana na bakwai tsakiyar ɗaya ya fara kore. Ran na goma faranti biyar sun rufe, kore shar, irin wanda na gani a gindin sabara. Na sake aunawa, na shafa, na jira kwana ɗaya. Da na sa ido a madubin sai na ga wutsiyoyi ko'ina, har sai da na nemi marasa tsiro da ƙyar. Madam ta ƙirga bayana. Ba ta ce "Sake" ba. Ta rufe littafin kawai ta ce in je in ci abinci.

Ko funfunar Alela tana da ƙarfin kashe fara, wannan ban sani ba har yau. Ranar da zan taho suka fara gwada ta a keji, kuma ina jiran wasiƙa. Abin da suka ba ni na taho da shi wata ce tasu da suka riga suka gwada, a gauraye da mai a cikin galan, don mu jarraba a gona ɗaya. Suka haɗa mini da ƙaramin madubi mai aiki da hasken rana, da gilashin ƙirga, da faranti goma. Madam ta raka ni har bakin titi.

"Kada ki fesa ko ɗigo sai kin ƙirga," in ji ta. "Hanya tana ci."

Hajiya ta cika mini jaka da garin rogo da abarba biyu, ta sa ni a motar fasinja. Wannan karon takarduna sun cika, kwana biyu muka yi.

Na iso Ƙonni na tarar fara ta koma kan dawar fadama da waken da bai gama nuna ba. Mushe Sanda ya riga ya yi wa wani ƙauye da ke kan hanyar Bazaga alƙawari, ya ce gobe a fesa. Na ce sai jibi, sai na ƙirga. Ya ce ai daga ɗakin bincike ta fito. Na ce daga can ta fito, amma ta kwana biyu a mota. Sai ya ƙyale ni.

Na shafa farantaina a ɗakin ajiya, na rufe taga da ƙofa. Washegari da hantsi na ɗora madubin a kan tagar buro inda rana ke shigowa. Mai garin ya aiko wani dattijo da amalanken jaki don ya ɗauki kayan feshi, tun da sassafe yake zaune a gindin itacen bedi. Mushe Sanda yana kai da kawowa a baranda, ina jin takalminsa. Babu mai ƙirgawa bayana yanzu, daga nan har Kwatano. Na ƙirga ɗari uku. Na sake a faranti na biyu, na sake a na uku, na yi lissafina sau biyu. Sannan na fito.

Dattijon ya miƙe yana kakkaɓe riga. "Malama, mi anka gani?"

"Suna da rai, Baba."

"Dukansu?"

"Ba duka ba. Cikin goma, takwas."

Ya ɗan yi tunani, ya kwance igiyar jakinsa.

"Ko garinmu ba kowa ka hita gona ba," in ji shi. "Ɗauko kayanki mu tahi."